Makullin Sito da Hayaƙin Batikan

Ranar Litinin 21 ga Afrilu, 2025, bazara ta kai intaha. Muna zaune a gindin ɗorawar ƙofar gida a ƙauyenmu na ƙasar Dambatta, yara na wucewa da jakuna, mangaloli cike da taki za su gona. Rediyon Baffa na rataye a jikin wani guntun reshe da ya zame mata mazauni tun ina yaro. Sai labaran rana suka ce Fafaroma Francis, shugaban ɗariƙar Katolika ta duniya, ya rasu da safiyar ranar a Batikan yana da shekara 88, kwana ɗaya bayan ya leƙo ya gaisa da jama'a a bikin Ista.

Baffa ya miƙa hannu ya rage muryar rediyon.

"'Ya'ya nawa ya bari?"

Na ce, "Ko ɗaya, Baffa. Limaman Katolika ba sa aure."

Ya yi shiru yana kallon jakunan, can ya ce, "Ikon Allah. To ai an huta da rabon gado. Amma wa zai riƙe gidan?"

Wanda ya tashi a karkarar Kano ya san inda tambayar ta fito. Ƙasarmu ba ta da daji. Daga katangar wannan gida gona ce har katangar wancan, ba saura, ba hutu. Gonar da kakanka ya noma ita za ka noma bana, ita za ka noma baɗi, abin da ke riƙe da ita kashin awaki ne da tokar murhu da gumin mutum. Iyaka layin gamba ce da ba ta kai faɗin tafin hannu biyu ba, ɗorawar da ke tsakiyar gona ma tana da mai ita. A irin wannan wuri, idan maigidan gandu ya faɗi, kuka biyu ake yi: na rashinsa, da na abin da zai biyo baya. Baffa kuwa ya fi kowa sani, don a kansa aka taɓa yi.

Ina ɗan shekara goma sha biyu kakanmu ya rasu, shi ma a irin wannan lokaci, an gama sharar gona ana jiran ruwan shuka. Da hantsi ya cika, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Abin da ya tsaya mini a rai daga ranar wani ɗan ƙaramin abu ne. Ana shirin yi masa wanka, ƙaninsa, wani dattijo mai rawar hannu, ya zare igiyar fatar da ke wuyan mamacin. Makulli ɗaya ne a jiki, na kwaɗon sito. A siton nan irin gero da na dawa da na gyaɗa suke, da buhunan takin zamani, da wata tsohuwar gwangwanin alawa mai ɗauke da takardun jinginar gona. Dattijon bai ba kowa cikin 'ya'yan mamacin maza su biyar ba. Ya shiga cikin gida ya miƙa wa Iya, uwargida, ta ƙulle shi a bakin zaninta. Ya kuma sa aka kwaɓa laka aka liƙe bakin manyan rumbuna biyu, aka bar ƙaramin da ake ɗiban na tuwo. Ya ce ba mai taɓa dami ɗaya, ba mai sayar da ko ɗan akuya, sai an zauna.

Da na bi labarin abin da aka yi a Batikan a daren rasuwar Francis, sai na ga dattijon nan mai rawar hannu. Su ma suna da nasa, sarautarsa Kamalengo, wanda ke riƙe da ita a lokacin kuwa Kadinal Kevin Farrell ne. Shi ke tabbatar da mutuwar, shi ke kula da dukiyar fada har a yi sabo. Aka ja ƙofofin ɗakunan marigayin, aka ɗaure da jan ƙyalle, aka ɗiga narkakken kaki aka buga hatimi, kamar dai lakar bakin rumbu: ba ta hana ɓarawo shiga, amma duk wanda ya taɓa za a gani. Kowane Fafaroma yana da zobensa da ake kira Zoben Masunci, don Bitrus, almajirin Annabi Isa da suke ɗauka a matsayin na farkonsu, masunci ne. A da da zoben ake hatimce wasiƙu, saboda haka in mai shi ya mutu sai a karce shi a gaban kadinalai, kada wani ya fito da takarda daga baya ya ce marigayi ne ya rubuta. Wanda ya taɓa zama a kotun gado ya ga takardar "kyautar gona" ta ɓullo daga aljihun wani bayan arba'in, ba ya buƙatar a yi masa bayanin hikimar wannan.

Kusan duk shugabannin ma'aikatun fadar muƙaminsu na faɗuwa da faɗuwarsa. Kadinalai su ke riƙon ƙwarya, amma doka ta ɗaure hannunsu: su biya albashi, su shirya jana'iza, su sa ranar zaɓe, ba su da ikon sauya doka ko yanke abin da Fafaroma kaɗai ke yankewa. A ci tuwo daga ƙaramin rumbu, manyan su jira mai gida.

Inda muka rabu da su shi ne gaggawa. Mu gawa ba ta kwana. Su kuwa sai da aka ajiye Francis kwana uku a majami'ar Bitrus mutane na wucewa suna kallo, aka binne shi ranar Asabar 26 ga wata, sannan aka shiga makokin kwana tara. Dokarsu ta ce a jira kwana 15 zuwa 20 kafin a shiga zaɓe, don na nesa su iso, su kuma zauna su san juna, tun da wani daga Mongoliya yake, wani daga Ruwanda, wani daga Birazil.

Mu ma sai da muka jira na nesa. Baba Babba, ɗan farin Iya, yana fataucin shanu a Agege, bai iso ba sai ana gobe sadakar uku. Mahaifina malamin firamare ne, alli ya fi sani da fartanya. Baffa shi ne na uku, ɗan ɗakin Inna, kishiyar Iya, kuma shi ne bai taɓa yin damina a wani gari ba. Sai ƙanana biyu da ko aure ba su yi ba. Bayan sadakar bakwai aka shiga zaure: su biyar, da dattijon, da liman, da mai unguwa. A al'ada babba shi ke hawa buzun uba. To amma babban ya ce shi ba zai iya baro kasuwarsa ba, a raba kowa ya kama nasa. Mahaifina ya ce in aka raba gonakin nan, bayan an fitar da tumunin takaba da rabon mata shida, abin da kowa zai samu bai fi a shanya barkono ba. Ƙananan suna son gandu ya tsaya don a cikinsa za a yi musu aure. Baffa bai ce uffan ba. Aka tashi, aka sake zama washegari, aka sake tashi.

A dare na uku aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari na wayewa duk ƙauyen ya fita, kana jin sungumi na sara ta ko'ina, mata da yara na bin baya suna jefa iri suna takewa. Gonakinmu kaɗai ke kwance, iri na kulle a sito, maza na zaure suna "a'a, ba haka ba".

Ni ke kai musu abinci. Da rana na ɗauko kwanon tuwo da na miya zan fita, sai na ji muryar Iya daga ɗakin takaba: "Kai, mayar da kwanon nan." Na tsaya. Ta ce, "Ka je ka gaya wa mutanen zaure, har da wancan na Ikko," don ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba, "gidan da bai yi shuka ba ba a ɗora tukunya a cikinsa. A kashe wutar." Aka zare itacen, aka yayyafa ruwa. Na je na durƙusa a bakin zaure na isar da saƙo murya na rawa. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Sai da na girma na gane dariya yake ɓoyewa.

Iya ba ta taɓa jin sunan garin Biterbo ba, amma dabararta ta can ce. A watan Nuwamba na 1268 Fafaroma Clement na 4 ya rasu a wannan gari na ƙasar Italiya. Kadinalan da ba su wuce ashirin ba suka rabu, wasu na bayan Faransa, wasu na ƙinta, aka yi shekara, aka shiga ta biyu, ba sabon Fafaroma. Da mutanen gari suka gaji da ciyar da baƙin da ba su da niyyar tafiya, sai suka kulle su a cikin fadar, suka rage musu abinci zuwa burodi da ruwa, daga baya suka yaye rufin ɗakin, rana da ruwan sama su yi musu nasiha. Uku daga cikinsu sun mutu kafin a gama. Sai a watan Satumba na 1271, bayan kusan shekara uku, suka wakilta mutum shida suka fitar da wani da ko kadinal ba shi ba ne, yana can ma birnin Akka a gabar Falasɗinu. Shi ne Gregory na 10, kuma da yake ya san abin da ya kawo shi, a 1274 ya mai da kullen doka: a rufe masu zaɓe, in sun kwana uku ba su gama ba a mai da abincinsu kwano ɗaya, in sun ƙara biyar a bar su da burodi da ruwa da ɗan ruwan inabi. Sunan zaman ma, konkilabe, daga Latin yake, ma'anarsa "da makulli".

Yau ba a yi musu horon yunwa, amma kullen na nan, ya ma fi na da tsanani. Ranar Laraba 7 ga Mayu kadinalai 133 suka shiga ɗakin ibada na Sistin. Wanda ya cika shekara 80 ba ya zaɓe, dokar da Paul na 6 ya kafa a 1970, shi ya sa cikin kadinalan Najeriya huɗu, Arinze da Okogie da Onaiyekan suka tsaya a waje, Peter Okpaleke na Ekwulobia kaɗai ya shiga. Kowa ya ɗora hannu a kan littafinsu ya rantse ba zai fitar da sirri ba, aka yi shelar duk wanda ba mai zaɓe ba ya fita, aka ja ƙofa. Ba waya, ba rediyo, ba jarida, an katse layin sadarwa a kewayen. Masu dafa abinci da likitoci da direbobin da ke kai su masauki su ma sun sha rantsuwa, wanda ya yi ɓaron baki korarsa za a yi daga cocin.

Ba mai tsayawa takara, ba fosta, ba mai cewa "ku zaɓe ni". Kowa zai rubuta suna ɗaya a 'yar takarda, yana sauya rubutunsa kada a gane hannun, ya ninke, ya taka zuwa gaba ɗaya bayan ɗaya ya jefa a tulu. Masu ƙirga su karanta da ƙarfi, kowace takarda a soke ta da allura a shiga da ita zare, kamar yadda mata ke shirya kuɓewar shanya. Sai mutum ya sami kashi biyu cikin uku, wato 89 a wannan karon. In bai samu ba a zuba takardun a murhu, a haɗa da sinadarin da ke baƙanta hayaƙi, a sake sabon zagaye, har sau huɗu a yini. Dubban mutane a fili, da kyamarorin duniya kaf, kowa ya zuba wa ɗan bututun hayaƙi ido. A zamanin da labari ke zaga duniya kafin ka ƙifta ido, cocin da ke da mabiya sama da biliyan ɗaya yana sanar da babban labarinsa da abin da maƙwabciya ke gane an ɗora girki da shi.

Kashi biyu cikin ukun nan ya fi burge ni a kan duk sauran. Rinjayen mutum ɗaya yana isa a ci zaɓe, amma ba ya isa a riƙe gida. Da an ƙirga hannu a zaurenmu, uku sun ka da biyu tun ranar farko, biyun kuma su fita da ƙulli a zuci, baɗi war haka ana gaban alƙali.

Sai dai tambayar da ta fi cin raina ita ce: wa ake kulle wa ƙofar? Na ciki ake hana fita, ko na waje ake hana shiga?

A kwanakin makokin kakanmu akwai wani mutum mai farar mota da ya zo ta'aziyya sau uku. Ba dangi ba ne, ba abokin marigayi ba. Zuwan farko ya kawo kwalin sukari, na biyu buhun shinkafa, na uku ya ja Baba Babba gefe suka daɗe a bayan masallaci. Dillalin gonaki ne, gonarmu ta bakin titi yake so. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa sana'arsa ke nan, zagaya bango yana duba tsaga.

Ƙadangarun Rum, inda Batikan take, sarakunan Turai ne. Ɗaruruwan shekaru suna cusa hannu a zaɓen, har ta kai sarakunan Faransa da Sifaniya da Ostiriya na iƙirarin suna da ikon cewa "ban da wane". A 1378 ma taron 'yan gari ne suka kewaye masu zaɓe suna ihun sai ɗan ƙasarsu. Aka zaɓi Urban na 6, bayan 'yan watanni kadinalan suka ce a tsorace suka yi, suka zaɓi wani, ya tafi Abinyon ta Faransa ya kafa tasa fadar. Fafaroma biyu, daga baya uku, kowa na tsine wa kowa, ba a ɗinke ba sai 1417. Karo na ƙarshe da wani sarki ya sa baki a fili shi ne 1903, lokacin da Sarkin Ostiriya Franz Joseph ya aiko a ce ba ya son Kadinal Rampolla. Wanda ya ci zaɓen, Pius na 10, bai yi wata-wata ba, shekara na zagayowa ya haramta abin, ya ce duk kadinalin da ya sake ɗauko saƙon wani mai mulki zuwa ɗakin zaɓe ya bar cocin.

A wannan shekara ta 1903 ɗin dai Turawa suka ci Kano, suka naɗa Wambai Abbas sarki. Su suna fitar da hannun waje, mu ana sauya mana wani.

Don mu ma muna da masu zaɓen sarki, biyu daga cikin huɗun ma maƙwabtanmu ne a nan arewacin Kano. Madaki na gidan Yolawa yana Dawakin Tofa, Sarkin Bai na Dambazawa yana Dambatta, sai Makama na Joɓawa, da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Tsarin yana da hikima irin tasa: su ba sa zama sarki, sarki kuma daga gidan Ibrahim Dabo yake fitowa tun 1819, ka ga mai rabo ba ya cikin masu ci. A wannan fuskar ma sun fi kadinalai tsarkin hannu, don kadinalai a junansu suke zaɓa, rabon da su ɗauko na waje tun Urban ɗin nan na 1378. Marigayi Sarkin Bai Mukhtar Adnan ya riƙe sarautarsa sama da shekara sittin. Da shi aka zaɓi Ado Bayero a 1963, da shi kuma aka zauna neman magajinsa bayan rabin ƙarni.

Abin da masu zaɓenmu ba su taɓa riƙewa ba shi ne makullin ɗakin da suke zama. A 1893, da Sarki Bello ya rasu, daga Sakkwato umarni ya zo a naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice zuwa Takai, aka yi Basasa, Kanawa na kashe Kanawa, har Alu ya shiga gari Tukur ya rasa ransa a 1895. Bayan Sakkwato sai Turawa, bayan Turawa sai gwamnatin Jihar Arewa, wadda a 1963 ta sa Sarki Sanusi na ɗaya ya yi murabus ya koma Azare. Yau kuma gwamna.

Ado Bayero ya rasu da safiyar Juma'a 6 ga Yuni, 2014, aka binne shi a gidan Nasarawa kafin rana ta faɗi. Kwana biyu da suka biyo baya Kano ba ta yi barci ba. Ba hayaƙin da za a kalla, sai jita-jita a waya. Har an fara taya Ciroma, babban ɗan marigayin, murna, wasu ma a rubuce, sai ga sanarwa daga gidan gwamnati ranar Lahadi 8 ga wata cewa Ɗanmaje Sanusi Lamido Sanusi ne. Masu zaɓe sun miƙa sunaye, Gwamna Kwankwaso ya amince da ɗaya. Kowa ya san yanayin da ake ciki: kusan watanni huɗu kafin nan Shugaba Jonathan ya dakatar da Sanusi daga shugabancin Babban Bankin Najeriya, gwamnan kuma ya riga ya bar jam'iyyar shugaban ƙasa. Matasa suka fito suna ƙona tayoyi, 'yan sanda suka tsare ƙofar fada, sabon sarki ya yi kwanakinsa na farko a gidan gwamnati. Ba cancantar kowa nake taɓawa ba. Abin da nake nunawa shi ne ɗakin da aka yi zaɓen a gidan wani yake, kuma hannun da ya ba ka yana iya karɓewa.

Ya kuwa karɓe. A 2019 gwamnatin Ganduje ta yi wa masarautar abin da Baba Babba ya so a yi wa gandunmu, aka yanka ta biyar: Kano, Bichi, Rano, Gaya, Ƙaraye. Muka kwana a ƙasar Kano muka tashi a ƙasar Bichi, mu da Madaki da Sarkin Bai gaba ɗaya, masu zaɓen Sarkin Kano sun zama hakiman wani sarki. Su huɗun suka garzaya kotu. Ranar 9 ga Maris, 2020 aka tuɓe Sanusi aka naɗa Aminu Ado Bayero. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar ta mai da Sanusi, Aminu ya dawo gari ya sauka a gidan Nasarawa, aka wayi gari Kano na da mai amsa sunan sarki a Gidan Rumfa da wani a Nasarawa, kowa da dogaransa, lauyoyi na safa da marwa tsakanin kotuna. Wanda ya karanta labarin Abinyon ba zai ce bai taɓa jin irinsa ba.

Kada a ɗauka ina cewa na Rum wankakke ne tas. Sun toshe ƙofar waje, amma akwai hannun da ba sa iya hanawa, na mamacin kansa. Fafaroma ne ke naɗa kadinalai, kuma cikin 135 da suka cancanci zaɓe a wannan karo, 108 Francis ne ya naɗa su. Kamar maigida ne ya zaɓi waɗanda za su zauna a zaure bayan ransa. Talakan coci ba shi da ƙuri'a, mace ko ɗaya ba ta shiga. Siyasa kuma tana nan, a teburin cin abinci da lungunan masauki ake yin ta da raɗa. Illa iyaka suna da wani karin magana da ke cewa wanda ya shiga ɗakin a Fafaroma, a kadinal zai fito, wato wanda aka fi zato shi ke shan ƙasa. Kuma in ƙofa ta buɗe magana ta ƙare, ba wanda zai ɗauki sunan ya kai wa wani ya sa hannu.

A zaurenmu yunwa ta yi aikinta wajen la'asar. Dattijon ya daina tambayar wa ke so, ya koma tambayar wa ya sani. Dami nawa aka ɗaure bara? Wace gona ce ta gaji da dawa take son gyaɗa bana? Nawa ya rage a fanshi gonar fadama? Duk tambayar da ya jefa sai idanu su koma kan mutum ɗaya, shi kuma ya amsa kansa a ƙasa. Baba Babba, Allah ya jiƙansa, shi ya yanke. Ya ce, "Ni ko iyakar gonar fadama ban sani ba. Girma nawa ne, ba mai ƙwace mini, ni zan ba da auren 'yan'uwana mata. Amma makulli a ba ƙanina." Aka aike ni cikin gida. Iya ta kwance bakin zaninta ba tare da ta tambayi wa aka ba ba, ina jin ta riga kowa sani, ta sa mini makullin a tafin hannu, ɗan kishiyarta za a kai wa. Da liman ya rataya masa igiyar ya shafa fatiha, sai Baffa, ƙato mai iya ɗaga buhun gero shi kaɗai, ya fashe da kuka kamar yaro. A Batikan akwai ɗan ƙaramin ɗaki kusa da wurin zaɓen, inda sabon Fafaroma ke shiga ya sa farar riga, an tanadi uku, babba da matsakaiciya da ƙarama, tun da ba a san jikin wa za ta hau ba. Ɗakin Hawaye suke ce masa.

Kafin magariba hayaƙi ya turnuƙe daga madafinmu. Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan danga ta ce, "A'a, an daidaita ke nan?" Da asuba muka fita da sungumi bakwai, laimar ƙasa ba ta gudu ba. Mai farar mota bai sake zuwa gaisuwa ba. Gandun ya ƙara shekara goma sha tara a hannun Baffa kafin yawan jikoki ya sa aka raba, da igiya da alƙali da shaidu, ba wanda ya zagi wani. Gonar bakin titin kuwa daga baya an sayar, yanzu gidan mai ne.

Ranar Alhamis 8 ga Mayu, bayan la'asar, wayata ta nuna farin hayaƙi. Zagaye huɗu kacal aka yi, kwana 17 bayan rasuwar. Aka fito barandar majami'ar Bitrus aka yi shelar an sami Fafaroma: Robert Prevost, ɗan shekara 69, haifaffen Shikago, Ba'amurke na farko da ya hau kujerar, ya zaɓi a kira shi Leo na 14. Na sami Baffa a ƙofar sito yana auna irin gero da kwano, na ba shi labari.

"Ɗan wane gida ne?"

"Ba ɗan sarauta ba ne, Baffa. Amma ya yi shekaru da yawa yana aiki a wata ƙasa wai ita Peru, cikin talakawa. Har a kan doki yake shiga ƙauyuka."

"To ya san iyakar gona." Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya ƙura wa jan ƙyallen da ke rataye a barandar ido, sannan ya sa ni na nemo masa tambarin fadar. "Mene ne wannan a gicciye?"

"Makullai ne guda biyu. Alamar sarautar ke nan."

"Biyu?" Ya miƙo mini wayar. "Allah ya ba shi wuyan ɗauka. Ɗaya ma yaya aka ƙare."

Ya ɗaure bakin buhun, ya ja ƙofar sito ya danna kwaɗo, ya mai da igiyar cikin wuyan rigarsa. Gabas ta fara haɗa baƙi. Ya ɗaga murya ya ce wa yara su shigo da jakuna, kuma kowa ya nemo sunguminsa tun da sauran haske.